Gwiwar Uwar Amarya

A shekarun da kuɗi ke yawo a Abuja, gine-gine na tashi ta kowace kusurwa, zuwa Indiya neman magani ya zama abin yayi a tsakanin manyan ma'aikata. A ma'aikatar tarayya da Hajiya Murja ke aiki a matsayin mataimakiyar darakta, da wuya a yi mako ba a ji wani ya kai mahaifinsa an yi masa aikin ido ba, ko wata ta je an gyara mata ƙashin baya. Ita ba yayi ne ya kai ta ba. Gwiwarta ta dama ce ta daɗe tana cinta, har likitoci suka ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya ƙare, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Ga shi gidansu a sama yake, hawa na biyu, a rukunin gidajen ma'aikata na Area 11 a Garki. Kullum in direba ya sauke ta da yamma sai ta tsaya a gindin bene ta yi ajiyar zuciya, sannan ta kama ƙarfen matakala ta riƙa jan jiki.

Da ta so, da ta ci gaba da lallaɓawa da ƙwayoyi da man zafi. Amma an sa ranar auren Zuhra, 'yarta mace tilo a cikin maza uku, kuma Murja ta ce ba za a yi bikin nan tana zaune a kujera ana kawo mata labari ba. Ta ɗauki hutu, mijinta Alhaji Maitama, wanda ya yi ritaya daga aikin safiyo, ya raka ta Indiya. Aka cire gwiwar da ta lalace, aka sa mata ta ƙarfe da roba. Ranar da za a sallame su likitan ya zaunar da su ya ja musu kunne. Ya ce tana da ciwon suga, don haka ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama ta. In ta ga wurin ya yi ja, ko ya ɗau zafi, ko yana fitar da ruwa, ko ta ji zazzaɓi, kada ta kwana ba ta ga likitan ƙashi ba. Su duka biyun suka gyaɗa kai.

Aiki ya yi kyau, kowa ya shaida. Da suka dawo, wata ma'aikaciyar gashin ƙashi mai suna Felicity ta riƙa zuwa gida tana motsa mata ƙafar, tana lanƙwasa ta a hankali, Murja na cije leɓe tana salati. Ba a daɗe ba ta ajiye sanduna biyu ta koma ɗaya, daga baya ita ma ɗayar ta jingine ta a bayan ƙofa. Ranar da ta hau benen nan ba tare da ta taɓa ƙarfe ba, sai da ta tsaya a saman matakala ta ƙwala wa Maitama kira ya fito ya gani. Ya fito da jarida a hannu, ya dube ta, ya yi dariyar da ta daɗe ba ta ji ya yi ba.

Daga nan ta tsunduma cikin hidimar biki. Yau tana kasuwar Utako tana zaɓen tukwane da kuloli, gobe tana wurin tela a kan anko, jibi tana gidan da Zuhra za ta tare da angonta Ameer, tana tsaye a kan masu saka labule. Zuhra takan ce, "Mami, ki zauna mana, ki bar su Anti su yi." Ita kuma ta ce, "Zaman da na yi shekara da shekaru ya isa."

Ana saura 'yan makonni biki, wata safiya tana shafa mai ta ji gwiwar ta fi sauran jikinta ɗumi. Ta duba, ta ga ƙasan tabon ɗinkin ya yi ja. Ta ce wa kanta yawan zirga-zirga ne. Bayan kwana biyu wurin ya ɗan tsage, wani ruwa rawaya-rawaya ya fara tsattsafowa, kaɗan ne, bai fi ya jiƙa auduga ba. Ta tuna maganar likitan Indiya tsaf, babu abin da ta manta. Ta kuma san abin da zai biyo baya in ta je asibiti: za a ba ta gado, watakila a koma ɗakin tiyata, a ɗaga biki ko a yi shi babu ita. Ta ɗauki waya ta kira Felicity ta ce mata hidima ta yi yawa, a dakata da gashi sai bayan biki.

Maitama ne kaɗai ya gani. Ya shigo ɗaki da safe ɗaukar hularsa ya same ta a bakin gado tana naɗa bandeji.

"Mene ne wannan, Hajiya?"

"Ba komai ba ne. Ɗinkin ne ya ɗan buɗe."

Ya durƙusa ya ɗora bayan hannunsa a kan gwiwar, ya janye. "Tashi mu je asibiti."

"Alhaji, an raba kati. Mutane sun sayi tikitin jirgi, danginka 'yan Zariya sun yi hayar mota. Kana so yarinyar nan ta yi bikinta a bakin gadon asibiti?"

"Kin ji abin da mutumin nan ya ce mana."

"Na ji. Ranar da aka kai amarya, washegari ka kai ni duk inda kake so, ba zan yi maka gardama ba. Amma don girman Allah kada Zuhra ta ji."

Ya daɗe tsaye da hular a hannu. Shekara talatin da wani abu suna tare, ya san in ta kafe a kan abin da ya shafi 'ya'yanta babu mai juya ta, shi kuma ba mutum ne mai son hayaniya ba. Da yamma ya dawo da ƙwayoyin kashe cuta daga wani kemis, ya ajiye mata a kan madubi. Ta fara sha. Jan ya ragu, ruwan ya tsaya, har suka fara ganin kamar abin ya wuce. Ashe maganin ya rufe ciwon ne kawai daga sama.

An yi biki na gani na faɗa. Ranar kamu Murja ta shiga fili ta taka kaɗan, ƙawayenta na ofis suna guɗa suna cewa gwiwar Indiya ta biya. Ranar ɗaurin aure ta tsaya tun safe tana karɓar baƙi, ta sha maganin zazzaɓi sau uku a ɓoye a banɗaki. Ranar kai amarya, sa'adda aka kawo mata Zuhra lulluɓe don ta yi mata nasiha, haƙoranta na haɗuwa saboda sanyin da ke ratsa ta a cikin leshi mai nauyi. Ta riƙe hannun 'yarta ta yi mata addu'a, muryarta na rawa. Kowa ya ɗauka kukan rabuwa ne.

Washegari da safe ta kasa tashi. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, fatar ta yi sheƙi, ko zane ya taɓa ta sai ta yi ƙara. Ta yi amai, ta fara magana ba kan gado, tana tambayar ko an kai wa 'yan Zariya abinci. Maƙwabta maza ne suka ɗora ta a kujera suka sauko da ita daga bene.

A asibitin kuɗin da aka kai ta, likitan ƙashin da ya karɓe ta sunansa Dokta Ebenezer, mutumin Filato, dogo mai magana a hankali. Ya sa sirinji ya zuƙo ruwan gwiwar, ya ɗaga shi ya duba a haske. Mugunya ce. A daidai lokacin Zuhra ta shigo da gudu, Ameer na biye da ita, lallen amarci ko dusashewa bai fara ba a hannunta.

Dokta Ebenezer ya dubi Maitama ya ce, "Oga, tun yaushe ƙafan nan ya fara zafi?"

Murja ta buɗe ido ta dubi mijinta. Ya kau da kai daga gare ta.

"Ya kusa wata ɗaya, likita. Ya yi ja, ya fitar da ruwa. Na sayo mata magani a kemis."

Zuhra ta dubi uban, ta dubi uwar, ta ja da baya ta jingina da bango.

Likitan bai yi faɗa ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce ƙwayoyin cuta in suka samu ƙarfe a jikin mutum sai su manne masa su yi wa kansu rufi, magani ba ya ratsa su. Da an zo a kwanakin farko, da an buɗe an wanke, watakila a tsira da gwiwar. Yanzu cutar ta zauna, ta kuma shiga jini. Dole a cire ƙarfen gaba ɗaya, a sa wani siminti na ƙashi mai haɗe da magani ya riƙe wurin, a yi ta ba ta allurai ta jijiya na tsawon makonni. In jini ya nuna cutar ta mutu, sai a sake sa wata gwiwar.

Maitama ya ce, "Ko mu mayar da ita Indiya?"

"Ba zan hana ku ba in ta samu ƙarfi. Amma yadda take yanzu, ban yarda ta hau jirgi ba. Rai muke nema tukuna, ƙafa daga baya."

A ranar aka shiga da ita. Da ta farfaɗo ta ji ƙafar a miƙe cikin wani abin ɗauri tun daga cinya har idon sawu. Ta tambayi nas ko an cire, nas ta ce an cire. Murja ta juya fuska bango.

Zaman asibitin ya yi tsawo fiye da yadda aka zata. Maganin farko ya taɓa mata ƙoda, aka canza wani. Tana fara samun sauƙi sai ƙaurin ɗaya ƙafar ya kumbura ya yi tauri, hoto ya nuna jini ne ya daskare a jijiya saboda yawan kwanciya. Aka ce in gudan ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kashe ta nan take. Aka ɗora ta a kan allurar tsinka jini a ciki, har fatar cikinta ta yi tabo-tabo. Damina ta kankama tana kallon ruwa ta taga. Abokan aiki sun yi ta zuwa a makonnin farko da lemo da ayaba, ana cika ɗaki da dariya, daga baya ƙafa ta ɗauke, sai saƙon waya jefi-jefi.

Maitama bai ɗauke ƙafa ba. Mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba ya koyi juya ta a gado don kada bayanta ya yi gyambo, ya koyi riƙe mata buta da roba ta yi alwala, ya koyi gwada suga. In nas ta zo da abin bayan gida sai ya karɓa ya ce, "Bar shi, 'yata, zan yi." Da farko Murja kunya ta hana ta haɗa ido da shi. Daga baya ta saba, har takan yi masa faɗa in ya matse tawul bai bushe ba.

Zuhra ma kullum tana zuwa. Takan zo da farfesu da kunun gyaɗa, ta gyara gado, ta taje wa uwar kai ta yi mata kalaba, ta tattara kayan wanki. Amma ba ta hira. "Mami, ina kwana. Mami, ga abinci. Mami, sai gobe." Iyakarta ke nan. Murja ta san shirun nan, don ita ta haife ta. Wata rana da hantsi, Maitama ya fita karɓo magani, ta riƙo bakin mayafinta.

"Zauna, Zuhra. Faɗi abin da ke ranki."

"Babu komai, Mami."

"Akwai."

Zuhra ta zauna a bakin gado tana wasa da zoben hannunta. Can ta ce, "Da kin faɗa mini, wallahi da na ɗaga bikin. Ko in ce a ɗaura kawai a masallaci. Ni ban ce sai an yi taro ba."

"Na sani. Shi ya sa ban faɗa miki ba."

"To kin san abin da kika yi mini? An kawo mana hotunan biki, na kasa buɗewa. Duk wanda ya ce mini biki ya yi kyau sai in ji kamar ya zage ni. Ina can ana yi mini kwalliya, ke kina nan ƙafarki na ruɓewa, saboda ni."

"Ba saboda ke ba ne. Ni na so. Ni na daɗe ina jiran ranar nan."

"Amma ni zan ɗauka har in mutu."

Zuhra ta share ido da gefen mayafi, ta tashi ta zuba mata kunu a kofi, ta miƙa mata. Ba su sake tayar da zancen ba.

Da aka sallame ta, sai matsalar bene ta taso. Maitama ya fara neman gidan haya na ƙasa. Maƙwabciyarsu ta hawan ƙasa, Madam Hannah, wata gwauruwa 'yar Kagoro da ke aiki a ofishin binciken kuɗi, ta ji labari ta hau ta same shi.

"Alhaji, wane irin haya kuma? Ni kaɗai ne a ƙasa, yara sun tafi. Ku sauko, ni in hau. Ƙafana biyu lafiya lau."

Ya ce abin ya yi yawa. Ta ce shekara nawa Hajiya na aiko mata da naman Sallah, ita ma tana aika musu da shinkafar Kirsimeti, yau ne za a fara yi mata baƙunta? A ƙarshen mako aka yi musayar gida. Murja ta dawo ta tarar da gadonta a ɗakin Hannah, tagarsa na kallon bishiyar mangwaro.

Bayan wasu watanni jini ya nuna cutar ta kwanta. Aka sake shiga da ita ɗakin tiyata, Dokta Ebenezer ya cire simintin ya sa sabuwar gwiwa, mai dogayen ƙarafa da suka shiga cikin ƙashi sama da ƙasa, don cutar ta riga ta ci wani ɓangare na ƙashin. Felicity ta dawo gashi. Wannan karon Murja ko ƙaiƙayi ta ji sai ta faɗa. Ta fara takawa da sanduna a tsakar rukunin gidajen, yara na gaishe ta. Har ta sa an goge mata kayan ofis.

Ba ta kai ga komawa ba. Wata safiya ta ji ɗumin nan da ta sani. Ba ta jira ko karin kumallo ba, ta ce wa Maitama ya ɗauko mota. Duk da haka, da sakamakon gwaji ya fito, Dokta Ebenezer ya shigo ɗakin ya rufe ƙofa ya zauna, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Hajiya, ya dawo. Wannan karo ba laifin kowa ba ne, kin zo da wuri. Wani ƙwayan cuta haka yake, zai ɓuya cikin ƙashi, gwaji ba zai gan shi ba."

Ya ce hanya uku ce. Ana iya sake cirewa a sake sa wata, amma ƙashin da ya rage kaɗan ne, kuma ba ya jin za a dace. Ana iya yanke ƙafar daga saman gwiwa. Ko kuma a cire ƙarfen, a kashe cutar, a haɗe ƙashin cinya da na ƙauri su zama ɗaya. Ƙafar za ta zauna, ciwo zai tafi, amma ba za ta sake lanƙwasuwa ba har abada, kuma za ta ɗan fi ɗayar gajarta.

Murja ta ce, "In an haɗe, zan tsaya?"

"Za ki tsaya."

"Zan yi tafiya?"

"Za ki yi, da sanda, da takalmi mai tudu a gefen."

"Sujada fa?"

"Sai dai a kujera, Hajiya."

Duk wahalar da ta sha ba ta yi kuka a gaban likitan ba sai ranar. Ta san addini ya yi sauƙi, ta san sallar zaune karɓaɓɓiya ce ga mai lalura, ta daɗe ma tana yin ta. Amma a da tana yi ne da sa ran wata rana goshinta zai koma ƙasa. Maitama ya matso ya riƙe hannunta, a gaban likita, abin da bai taɓa yi a gaban wani ba.

"Murja," ya ce. Ya daɗe bai kira ta da sunanta ba. "Duk wadda kika zaɓa ina nan."

Ta nemi a ba ta lokaci. Ta yi istihara, ta kira 'ya'yanta maza ɗaya bayan ɗaya ta ji ta bakinsu. Babban, Farouk, ya dage a fitar da ita Jamus. Ta ce masa ta gaji da a buɗe a rufe, jikinta ba zai ƙara ɗaukar gwaji ba. Ta ce wa likita a haɗe.

Aikin ya ci, cutar ba ta sake dawowa ba. Amma sai da ta koyi komai daga farko. Ta koyi zama a gefen kujera da ƙafa miƙe a gabanta, ta koyi shiga mota ta baya ta zauna a karkace, ta koyi jefa ƙafar gefe in za ta taka don kada ta ja ƙasa. Muƙamin darakta da take jira an ba wani tun tana kwance. Ta rubuta takardar ritaya ta kai da kanta, ta yi sallama da mutanen ofis a hawan ƙasa, don lif ya lalace ranar. Ta rame, furfura ta fito mata sosai, kuma ta rage magana.

A cikin wannan hali Zuhra ta haihu, namiji. Haihuwar fari ce, don haka bisa al'ada gida za ta dawo a yi mata wankan jego. Aka ɗauko Gwaggo Fadima, yayar Maitama, daga Zariya, tunda uwar ba za ta iya tsugunno ba. Gwaggo Fadima mace ce mai kuzari da ƙarar murya, nan da nan ta karɓe gidan. Ita ke dafa ruwan ganye, ita ke dama kunun kanwa, ita ke zama a 'yar kujerar tsugunno ta ɗora jariri a cinya ta yi masa wanka a baho. Murja takan zauna daga gefe da sandarta a jingine, tana kallo. In an gama a naɗe shi a miƙo mata. Wani lokaci in Gwaggo ta zuba ruwa Murja ta ga ya yi zafi da yawa, sai hannunta ya motsa, ta mayar da shi cinya.

Bayan suna da 'yan kwanaki, wata safiya Gwaggo Fadima ta haɗa ruwa a baho a tsakar falo kamar kullum. Zuhra ta fito daga ɗaki da jaririn a kafaɗa, ta tsaya ta dubi bahon, ta dubi uwarta.

"Gwaggo, a ɗora bahon nan a kan teburin cin abinci."

"A tebur? Wa ya taɓa wanka a tebur?"

"Mami ce za ta yi masa yau."

Gwaggo ta dubi Murja. Ta ƙwala wa Maitama kira, suka kama bahon tare suka ɗora, ruwa na fantsama a kan ledar tebur. Murja ta ce, "A'a, ku bari, kada in kayar da shi."

Zuhra ta ce, "Ina riƙe da ke."

Ta miƙa wa Gwaggo jaririn, ta kama uwarta ta tashe ta, ta raka ta bakin tebur. Murja ta jingina cikinta da katakon, ta gyara tsayuwar ƙafar da ba ta lanƙwasa, ta naɗe hannun riga. Ta tsoma gwiwar hannu a ruwan ta ce a ƙara na sanyi kaɗan. Aka ƙara. Sannan ta yi bismilla ta karɓi yaron, ta tallafe ƙeyarsa a tafin hannunta na hagu, ta fara zuba masa ruwa da na dama. Ya tsandara kuka, ya dunƙule hannu, daga baya ɗumin ya ratsa shi ya yi lamo yana ƙifta ido. Zuhra na tsaye a bayanta, hannayenta biyu a ƙugun uwar, haɓarta kusa da kafaɗarta.

"Haka kika yi mini?" ta tambaya a hankali.

"Ke kin fi shi rigima. Sai an yi da gaske ake wanke miki kai."

Ta wanke masa bayan kunne da matsematsin wuya, ta juya shi ta gasa masa baya da tsumma, ta mimmiƙe masa hannuwa da ƙafafu. Kafin ta gama zufa ta jiƙa mata goshi, ƙafarta mai lafiya ta fara rawa. Gwaggo Fadima ta shimfiɗa tawul ta karɓe shi tana mita cewa an jiƙa mata falo. Zuhra ta zaunar da uwarta, ta jawo ƙaramar kujera ta ɗora mata ƙafar, ta tafi ɗauko man shafawa da kayan da za a sa masa.

Murja ta ce wa Maitama, wanda ke tsaye da tsumma yana goge tebur, "Gobe a haɗa ruwan da wuri, kafin rana ta yi zafi. Kuma a sayo baho mai faɗi, wannan ya yi masa kaɗan."